Akwatunan Safwat da Muryar Rayyis

Wagdi, kife wayar nan. Nagwa, bar kwanukan, ba gudu za su yi ba. Hishmat, matso kusa, tunda kai ne kullum mai cewa ba a faɗa maka komai a gidan nan. Kan kawunku Safwat na tara ku, kuma duk wanda ya katse ni da "Mama ki yi haƙuri" zai sha mari da girmansa. Haƙurin na yi har ya ƙare. Ku ji yadda aka yi tun daga tushe, sannan ku san abin yi.

Kun dai san kaset ɗin kakanku, Rayyis Garib. Duk unguwar Bahari babu masuncin da bai san muryarsa ba. In ya zauna bakin teku yana ɗinkin taru ya ja mawwal, doguwar waƙar nan tasa, mai gidan shayi da kansa yake kashe rediyo. Murya ce mai kauri, daga can ƙasan ciki take tasowa, ka ji ta a ƙirjinka kafin ta iso kunnenka. Abin da ya rage mana daga ita kaset ɗaya ne tak, wanda aka ɗauka ranar bikina da jar rikodar nan da ƙanensa ya kawo daga Libiya. Rikodar kuwa kun san halinta. An ɗaure murfinta da zaren fatsa, maɓallinta sai an soka masa tsinken ashana yake tsayawa, kuma malalaciya ce tun tana sabuwa. Duk kaset ɗin kasuwa da aka sa mata, sai mawaƙin ya riƙa jan murya kamar wanda aka tasa daga barcin rana. Amma in aka sa mata Rayyis, to Rayyis ne. Shi ya sa duk shekara, ranar da ya bar mu, ake dafa shinkafa da kifi a falon ƙasa, tsofaffin abokansa su cika kujeru, a kunna ta, su yi ta "Allah! Allah ya Rayyis! Maimaita!" A mayar da kaset baya da biro, a sake. Ammu Hilal, da suka ƙare ƙuruciyarsu a jirgi ɗaya, yanzu ido ya tafi, ƙafa ta tafi, a kujera ake ɗauko shi, amma bai taɓa fashi ba.

To, sai Safwat ya gama aikinsa a Kuwait ya dawo gida.

Ya dawo da tumbi, da tabarau mai igiya, da akwatuna manya-manya waɗanda 'yan dako suka hau matakala da su suna ambaton iyayensu. Matarsa Itimad ta tsaya a bakin ƙofa tana murna.

"Injin wanki ne, Abu Tamir?"

"Wanki?" Ya dube ta ta saman tabarau. "Itimad, kunne ne wannan. Kunne na sayo wa gidan nan, don na lura ba ku da shi."

Aka buɗe. Lasifika biyu, kowace ta kai tsayin mutum, da wani ƙarfe mai fitilu a ciki kamar ƙwayayen lantarki, da na'urar kaset baƙa wul mai allurai biyu suna rawa. Washegari ya sa farar riga ya tafi gidan shayin masunta, ya zauna a tsakiya, ya yi shela.

"Bana za ku ji Rayyis kamar yana tsaye gabanku. Har numfashinsa, har haɗiyar yawunsa. Shekara da shekaru kuna zubar da hawaye a gaban gwangwani."

Zaglul, wannan masuncin mai karyayyen haƙori da bakinsa ba ya mutuwa, ya ce, "To ai mu muna jin daɗin gwangwanin, Basha."

"Daɗi! Ana maganar gaskiyar sauti kana maganar daɗi. Rikodar da take mayar da kowane mawaƙi ɗan maye, ita ce za ta faɗa muku gaskiya a kan ubana? Ni na'urata ba ta ƙari, ba ta ragi. Abin da yake cikin kaset shi take fitarwa, ko ka so ko ka ƙi."

"To Allah ya sa mu so," in ji Zaglul.

Ni ina sama da ciwon gwiwata, amma tagar kicin ɗina a kan ta su Safwat take, ko cokali ya faɗi a ƙasa ina ji. Saboda haka kada wani ya ce mini ƙari nake yi.

Da falo ya fara. Ya fitar da kujeru gaba ɗaya ya jibge su a ɗakin barci, har sai da Itimad ta riƙa hawa ta kan doguwar kujera kafin ta kai gadonta. Ya fitar da kabad ɗin gilashi, wai yana yi wa sauti gulma. Ya bar kujera ɗaya tal a tsakiyar ɗaki, ya auna ta da tef daga bango zuwa bango, ya zagaye ƙafafunta da alli. Daga nan sai ya shiga yawo cikin falon da babu kowa, ya tafa hannu sau ɗaya, ya karkata kai ya saurara, ya matsa kusurwa, ya sake tafawa, ya ce "Aaa!" ya sake saurara. Safe da yamma. Umm Rida ta ƙofar da ke kallon tasu ta leƙa ta ga haka, ta koma da baya da baya, ta dawo da kaskon turaren wuta.

"Itimad, 'yar'uwata, ba abin kunya ba ne. Mijin ƙanwata ma da ya dawo daga Gulf haka ya yi ta kiran waɗanda ba a gani. Akwai wani shehi a Karmuz..."

"Hajja, fitar da hayaƙin nan!" Safwat ya yi tsalle ya rufe lasifika da jikinsa. "Amsa-kuwwa nake aunawa!"

"Suna amsa maka ke nan?" Ta ƙara watsa turare a garwashi. "La haula."

Amsa-kuwwar ce ta kai shi wurin mai ƙwai. Ya kwaso kwalayen ƙwai na duk unguwa, ya manne su a bango da rufi da gam, har kan hoton Rayyis sai da Itimad ta yi rantsuwa sannan ya bar wa hoton 'yar taga. Bai tsaya duba kwalayen ba, alhali rabinsu da ragowar fasasshen ƙwai a jiki. Zafin watan Agusta ya yi aikinsa. Magen gidan ta tare a bakin ƙofa, ta gayyato danginta. Kyankyasai kuwa suka ga an gina musu unguwa mai ɗaki-ɗaki, kowa ya kama nasa.

Sai wayoyi. Kauri kamar igiyar ɗaure jirgi, kuma wai bai halatta su taɓa ƙasa ba, ƙasa tana shanye sauti. Itimad ta dawo daga kasuwa ta tarar da kofunan gahawarta na aure, masu bakin zinare, waɗanda ko ni ba ta taɓa ba ni ruwa a ciki ba, an kife su a jere a ƙasa, waya tana kwance a kansu kamar amarya.

"Safwat. Kofunan uwata."

"Tangaran ne mai kyau, shi ya sa na zaɓe su. Ki yi alfahari."

"Zan yi, ranar da na kife ka na ɗora maka waya."

Duk da haka kunnensa bai gamsu ba. Ya zauna a kujerarsa ya rufe ido, ya ce yana jin wani gurnani. Ya bi gurnanin har kicin, ya zare wayar firji. Bai faɗa wa kowa ba. A cikin firjin akwai kifin da Zaglul ya kawo, da naman da aka ajiye, da cukun Itimad. Kwana biyu aka ɗora warin a kan kwalayen ƙwai, sai da ruwa mai launi ya gangaro har ƙofar falo aka gane. Fanka ma ya hana kunnawa. Mai tukunyar gas da yake wucewa yana buga sifana a jikin tukunya, Safwat ya leƙa ta baranda ya ce ya riƙa bugawa a hankali in ya zo layinmu.

"In buga a hankali wa zai ji ni, Basha?"

"Ka riƙa ɗaga hannu."

Mutumin ya tsaya daidai ƙarƙashin barandar ya yi masa kiɗan da ko a maulidi ba a yi ba.

Amma babbar ita ce ta dafa lasifika. Eh, dafawa. Ya ce sabuwar lasifika ɗanya ce, sai an bar ta tana fitar da wani sauti ba tsayawa kafin ta nuna. Sautin kuwa ba waƙa ba ne, ba karatu ba: shshshsh, kamar iska tana tsira daga tiyo. Ya ƙure shi, ya kulle falo, ya tafi aski. Itimad tana gidan 'yarta. Umm Rida ta fito da kwandon shara, ta ji shshsh ta ƙarƙashin ƙofa, ta shaƙi warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta saki kwandon.

"Gas! Jama'a gas! Kada wanda ya ƙyasta ashana!"

Gidan gaba ɗaya ya zubo titi. Mai wanka da kumfa a kai, mai jego da jariri, tela da keken ɗinkinsa a kafaɗa. Ni kuma samari biyu suka sauko da ni a kujera kamar gawa, ɗankwalina a hannu. Aka kashe wutar layin, aka tsayar da motoci. Ana cikin haka sai ga kawunku yana tahowa da ƙamshin aski, ya ga taro, ya ji shiru daga tagarsa, ya dafe kai.

"Wa ya kashe wuta? Kun katse mini dahuwa! Yanzu sai na fara daga farko!"

Ba don liman ya shiga tsakani ba, da a ranar an dafa shi shi ma.

Kun ga duk wannan? Wasa ne. Na yafe shi. Abin da ban yafe ba shi ne na ranar Talata. Ina zaune a baranda ina tsintar shinkafa, sai na ji mai sayen tsofaffin kaya yana kiransa da amalanken jaki. Ya tsaya ƙofarmu, ya jima, ya wuce. Da ya kai kwana na hango wani abu ja a saman tarkacensa, da zaren fatsa yana lilo. Na yi ihu har muryata ta dushe, amma ihun mutumin ya fi nawa. Na aika aka kira mini Safwat.

"Ina rikodar Baba?"

"Na 'yantar da gidan nan daga ita, Abla Fawkiyya. Ko kuɗi ban karɓa ba, na ma gode masa."

"Kaset ɗin fa? Ka gwada shi a baƙar na'urar taka?"

Ya yi murmushin nan nasa na mai ilimi a gaban jahila. "Kowace kunnawa tana cin kaset. Ba zan ɓata ko juyi ɗaya a kan gwaji ba. Na'ura irin wannan ba a gwada ta, ita take gwada mutane."

Ranar tunawa da Baba ta zo. Bayan la'asar mutane suka fara hawowa, kuma bana sun ninka, don Safwat bai bar gidan shayi ko masallaci da bai yi shela ba. Har shugaban masunta ya zo da rawaninsa. Kawunku ya tsaya a ƙofa da farar safar hannu yana ba da doka. A cire takalmi. Ba shayi, kofi yana ƙara. Ba cin 'ya'yan kankana. Ba carbi. Shinkafa da kifi sai an gama. Kowa ya tsaya bayan layin alli, kuma kada a jingina da bango.

"Sannan don Allah," ya ce, "ba 'Allah, Allah' a tsakiyar waƙa. Wanda abin ya taɓa shi ya gyaɗa kai."

"Wanda ya fi taɓuwa fa?" in ji Zaglul.

"Ya gyaɗa sau biyu."

Aka shigo da Ammu Hilal, aka ɗora shi a kujerar tsakiya. Ya sa jallabiyarsa ta idi, an yi masa aski. Ya shaƙi iskar ɗakin ya yamutsa fuska.

"Wa ya rasu kuma?"

"Ba kowa, Ammu. Kai ne babba, kai za ka fara zama a wurin da sauti yake haɗuwa. Kada ka juya kai. Kada ka yi tari."

"Numfashi fa, ɗan Garib? An yarda?"

"A hankali."

Tagogi a rufe, fanka a tsaye, mutane a cunkushe kamar sardin a gwangwani, gumi yana bin gemu. Safwat ya ɗauko kaset ɗin da hannu biyu, ya zura, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya danna.

Gaskiya ba zan ci haƙƙinsa ba: da farko abin ya ba da tsoro. Aka ji ƙarar kofuna kamar a hannunka suke. Aka ji an ja kujera, wani ya yi tari can baya, har wasu suka waiga. Safwat ya kumbura, ya ɗaga yatsa ɗaya sama, wato ku ji fa. Sai aka rangaɗa guɗa. Guɗar uwata ce, Allah ya jiƙanta, wadda ake ji daga nan har tashar jirgi, amma ta fito kamar butar shayi ta tafasa. Sai ganga ta shigo da gudu kamar 'yan sanda sun biyo makaɗin. Sannan aka fara waƙa.

Wata 'yar siririyar murya ce, tsit-tsit, tana sauri tana haki, tana cin kalmomin Rayyis kamar mai tsoron a ƙwace mata. "Ya leil" ɗin da yake ja har shayinka ya huce, ta wuce shi kafin ka ƙifta ido. Kuma tsaf take fita, ba ƙura ba hazo, kowane harafi a wanke.

Umm Rida ce ta fara magana, cikin raɗa irin tata da ake ji a titi.

"Wace yarinya ce wannan? Hajja Fawkiyya, an kawo 'yar waƙa a bikinki ne?"

"Ba yarinya ba ce," in ji Zaglul. "Ɗan akuya ne aka taka wa wutsiya. Basha, sau nawa za mu gyaɗa kai?"

Wani ya fashe da dariya ya toshe baki da hula. Safwat ya duba allurai, ya duba waya, ya duba kofuna. Komai daidai. Gumi ya jiƙe farar rigar. Mai hankali a nan zai kashe ya ce a yi haƙuri. Kawunku sai ya gyara tabarau.

"Jama'a, na faɗa muku ko ku so ko ku ƙi. Wannan ita ce muryar Baba ta gaskiya."

Shugaban masunta ya ce, "Me ka ce?"

"Na'ura ba ta ƙarya. Gwangwanin nan ne ya yi ta ja masa murya yana kumbura ta, kunnenku ya saba. Yau ne kuka fara jin Rayyis Garib."

Daidai nan, a cikin kaset, wani ya yi ihu da murya irin ta kazar da aka kama: "Allah ya Rayyis! Maimaita don Annabi!" Kowa ya san wurin, kowa ya san mai ihun. Ammu Hilal ya karya doka, ya juya kai. Ya buɗe baki, ya faɗi kalmomin nan da muryarsa ta yau, wadda take kamar ana jan anga a kan dutse.

"Allah ya Rayyis. Maimaita don Annabi." Ya nuna lasifika da sandarsa. "To ɗan Garib, ga ni ga wancan. Wanne ne ni?"

"Shekaru ne, Ammu. Tsufa da taba suna ƙara wa murya kauri."

"Shi Garib fa? Ni da shi muka yi ta kiran juna daga jirgi zuwa jirgi cikin hadari. Da wannan tsiwar ya kira ni da yanzu kifi ya gama da ƙashina."

"Kewa ce," in ji Safwat, yana wani lanƙwasa murya. "Zuciya takan ƙara wa mamaci abin da ba shi da shi."

Na laluba takalmina in jefe shi, sai na tuna ya sa mun cire a ƙofa. A duk shirinsa wannan kaɗai ce dabarar da ta yi masa amfani.

Ammu Hilal bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "A kashe wannan. A kawo mini jar rikodar."

Na ce, "Faɗa masa, Safwat. Faɗa masa inda take."

"Ba sai an kawo ta ba! In kauri kuke so, kauri ba wuya!"

Ya ɓalle murfin na'urar tana cikin juyawa, ya cire safar hannu, ya danna ɗan yatsa a kan abin da yake naɗe kaset wai zai rage masa gudu. Murya ta sauko daga ɗan akuya zuwa saniya, ta koma ɗan akuya, ta yi wani kuka kamar an shaƙe ta, sannan aka ji ƙurrr, zaren kaset ya fara fitowa yana naɗewa a cikin ƙarfe. Itimad ta yi kururuwa ta ruga za ta zare wuta, ƙafarta ta harɗe da igiyar jirgin nan, kofunan uwarta suka bi juna suna fashewa a jere. Umm Rida ta ce wayyo numfashinta, ta sulale. Wani mai tausayi ya kai hannu ya murɗa fanka har ƙarshe. Gam ɗin da zafi ya riga ya narkar ya saki, rufin gaba ɗaya ya sauko: kwalayen ƙwai, ƙura, da duk mazauna cikinsu. Kyankyaso a rawanin shugaban masunta, kyankyaso a wuyan liman. Dattawan da suke hawa matakala da taimakon jikoki suka sauka da tsalle, ba takalmi, mutanen titi suna tambaya ko gas ne kuma. Zaglul ya tsaya a ƙofa yana kaɗe hula.

"Wallahi Basha ka cika alkawari. Rayyis ya zo ɗakin nan da kansa. Wannan duka aikinsa ne."

Da rarrafe na isa na'urar. Na ture hannun kawunku, na zaro zaren a hankali da tsinken gashina, na naɗe shi da biro. Kaset ya tsira, amma wajen taƙi guda ya tauna. Kun san ko wane wuri ne? Inda Baba yake tsayar da waƙa ya ce, "Fawkiyya, 'yata, Allah ya sa ki dace." Wurin yanzu ƙurrr ne.

Ba sai an je makaranta ba kafin a gane abin da ya faru, a tsintar shinkafa na gane shi. Malalaciyar rikodar ce ta ɗauki waƙar. A hankali ta ɗauka, a hankali take mayarwa, sai a tashi daidai. Duk duniya ita kaɗai ce take faɗin gaskiya a kan Rayyis, ita da take yi wa kowa ƙarya. Na faɗa wa kawunku haka, ya ce wannan ba hujjar ilimi ba ce.

Itimad ce ta bi sawu, da ɗaurarren yatsan ƙafa, daga mai amalanke zuwa kasuwar Juma'a, daga can zuwa bakin kasuwar kifi. Ta samu rikodar a kan kurar Mitwalli mai wake, tsakanin tukunya da kwanon albasa, da sabon tsinken ashana a maɓalli, tana jan wata waƙar zamani kamar ana jan alewa. Ta ce ya sayar mata. Ya ce ina.

"Hajja, wannan ce kaɗai rikodar da yaran zamanin nan suke nutsuwa a cikinta. Suna shiga su zama manya. Masu cin wakena har ƙari suke yi."

Amma mutumin kirki ne, da ya ji labarin ya ce zai ba da aro. Sai aka yi kuskure aka tura Safwat ya karɓo. Ya je, maimakon ya ce na gode, ya tsaya gaban masu karin kumallo ya yi wa mutumin lacca, wai yana cutar kunnen jama'a, wai abin da yake ji ba shi mawaƙin ya rera ba. Mitwalli ya ajiye ludayi, ya rantse da igiyar aurensa, a gaban shaidu, cewa rikodar nan ba za ta sauka daga kurarsa ba, ba aro ba sayarwa. Kun san irin wannan rantsuwa ba ta da gyara, matar mutum ce a ciki. Da aka lallashe shi ya ce rantsuwarsa ba ta hana kaset ya zo wurin rikoda ba. A kawo tsohon, zai share masa benci, zai ba shi shayi, a kunna Rayyis har ya ƙoshi. Sharaɗinsa ɗaya: Basha da kansa ne zai ɗauko kujerar tsohon, shi zai riƙa mayar da kaset da biro, kuma in waƙa ta kai inda ake cewa Allah, ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji.

Kawunku ya ce shi ba zai tsaya gaban tukunyar wake ya yi wa gwangwani kabbara ba. Ya kulle falo, wai rabin gidan gadonsa ne, yana ciki yana sake manna kwalaye. Wai ya yi odar wata na'ura daga Jamus mai maɓallin rage gudu, za ta iso nan da 'yan watanni.

Ammu Hilal ba shi da 'yan watanni. Tun ranar bai ƙara cin abin kirki ba. Jikarsa ta ce kullum da safe sai ya tambaya ko an samo Garib, don shi dai ba ya son ya tafi da kukan ɗan akuyan nan a kunnensa.

Kaset ɗin yana nan a ƙirjina, ba mai sake taɓa shi. Ku uku ne, kuma kun fi shi ƙarfi ko a ɗaiɗai. Ku sauka ku same shi. Ko dai gobe da safe ya kama ƙafar kujerar Ammu Hilal zuwa gaban mai wake, da bironsa a aljihu, ko kuma ku sauko da ni, ku ɓalle mini ƙofar falon, ku buɗe taga, ku ce wa mutanen titi su matsa, akwatunan nan ta can za su sauka. Ku zaɓa masa ɗaya kafin in idar da la'asar. Nagwa, miƙo mini takalmina, yau ba zan cire a ƙofa ba.